Jaki da Agogon Jikinsa: Tarihin Binciken Farfesa Ayo na Samaru

Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Daura da jakuna, masu gangarowa daga Damagaram da kanwa da gishiri, da masu nufar Kano da fatu da hatsi, suna da wata ƙa'ida da ba a karya ta. Madugu yakan sa a ɗaura kaya tun da jijjifi, a ci tafiya da sanyin safiya, kafin rana ta take a sauka a kwance wa dabbobi. Ba wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, gado ce, kuma duk wanda ya saɓa mata jakinsa ne zai gaya masa, ko ya turje ko ya kwanta da kayan. Har gobe mai mangala da ke ɗebo yashi a bayan garin Daura, da mai kai hatsi kasuwar Mai'adua, sun san cewa jakin hantsi daban, jakin azahar daban, ko da kuwa dabbar guda ce.

Abin da ido bai iya gani shi ne abin da ke gudana a cikin jikin. Zafin jikin jaki nawa ne da asuba a tsakiyar hunturu, nawa ne da la'asar a bazara? Sau nawa zuciyarsa ke bugawa, sau nawa yake jan numfashi? A ganina babu wanda ya ba wannan tambaya shekarunsa a arewacin Najeriya kamar Farfesa Joseph Olusegun Ayo, malamin nazarin aikin jikin dabbobi a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Tun cikin shekarun 1990 shi da ɗalibansa suke auna akuya da jaki da sa da kaza, awa bayan awa, lokaci bayan lokaci na shekara. Amma ba za a gane girman abin da ya yi ba sai an san inda ilmin ya faro da inda ya tsaya kafin ya iso gare mu.

Tsamiya ce ta fara shiga rubuce. Wani jagoran jirgin ruwa mai suna Androsthenes, cikin mutanen Iskandar Mai Girma a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya lura a tsibirin da yanzu ake kira Bahrain cewa ganyenta yakan buɗe da rana ya haɗe da dare. Duk yaron da ya taso a gindin tsamiya ko a gonar gyaɗa ya ga haka, kuma kowa ya ɗauka rana ce ke buɗe ganyen, duhu ya rufe shi. Sai a 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean-Jacques de Mairan, ya ɗauki wani tsiro mai irin wannan hali ya kulle shi a inda haske ba ya shiga. Tsiron ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokacinsa. Ashe lissafin yana cikinsa.

An daɗe kafin a gwada haka a kan mutum. A 1938 Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago da ɗalibinsa Bruce Richardson suka shiga wani kogo a Jihar Kentucky ta Amurka, suka yi kwana 32 suna ƙoƙarin rayuwa a kan yini mai awa 28. Jikin ɗalibin ya ɗan bi, amma zafin jikin Kleitman ya ƙi, ya ci gaba da hawa da sauka a kan awa 24. Daga shekarun 1960 wani Bajamushe, Jürgen Aschoff, ya riƙa sanya masu sa kai a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Andechs, su yi makonni babu agogo, babu taga, babu mai gaya musu gari ya waye. Suka riƙa barci da farkawa a kan tsari, sai dai yininsu ya ɗan zarce na duniya, ya kai wajen awa 25. A 1999 Charles Czeisler na Harvard ya gyara wannan lissafi, ya nuna cewa in an kawar da tasirin fitila, yinin jikin mutum awa 24 ne da kimanin minti 11. Shi kuwa Franz Halberg na Jami'ar Minnesota ya samar da hanyar lissafin da masu binciken nan ke amfani da ita har yau, wadda ke tace tarin awo ta fito da abu uku: matsakaicin zafi, faɗin hawa da saukarsa, da sa'ar da yake kai ƙololuwa.

Bayan nan aka shiga cikin ƙwaƙwalwa. A 1972 aka gano cewa babban agogon dabbobi masu shayarwa wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya, wajen 20,000, a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Hasken da ya shiga ido da safe shi ke saita shi kullum. Shekara guda kafin haka, Ronald Konopka da Seymour Benzer sun gano ƙwayar gado ta farko mai riƙe da wannan lissafi a jikin ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka bi diddigin yadda take aiki: tana sa a ƙera wani sinadari da ke taruwa da dare, in ya yi yawa ya dakatar da ƙera kansa, ya narke da rana, a sake daga farko. A kan wannan aka ba su kyautar Nobel a 2017.

Kusan duk wannan aiki an yi shi ne a ƙasashen sanyi, a kan ɓeraye da ƙudaje da ɗaliban jami'a. Cikin waɗanda suka fara kusantar dabbobinmu akwai Knut Schmidt-Nielsen, haifaffen Norway, wanda ya tafi Béni Abbès a saharar Aljeriya a 1953 da 1954 ya auna raƙuma. Abin da ya samu ya girgiza masana. Raƙumin da ke shan ruwa kullum, zafin jikinsa ba ya hawa da sauka fiye da kimanin digiri 2 a yini. Amma wanda aka hana ruwa yakan wayi gari da digiri 34, ya bar zafin ya yi ta hawa har ya haura 40 da yamma, ba tare da ya yi gumi sosai ba, sa'an nan in dare ya yi ya sauke zafin a banza. Yana yi ne kamar katangar soro, wadda ke shanye rana yini guda ta sake ta da dare. Da wannan dabara babban raƙumi yakan tsimi ruwan da ya kai lita 5 a yini. Darasin da ke ciki babba ne: ga dabbar da ke zaune a ƙasar zafi, babu wata lamba guda da za a ce ita ce zafin jikin mai lafiya. Sai an faɗi sa'a, an faɗi lokacin shekara, an faɗi ko ta sha ruwa.

Littattafan da aka koyar da likitocin dabbobinmu da su ba su yi la'akari da haka ba. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tsangayar likitancin dabbobi ta biyo baya cikin 'yan shekaru, da taimakon malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Ilmi mai kyau suka kawo, amma lambobin da ke cikin littattafan na shanun Turai ne da dawakin Turai da tumakin Turai. Jaki kuwa ko shafi guda na kirki bai samu ba, an ɗauke shi ƙaramin doki kawai. Ga kuma wani bambanci. A Landan yini yakan kai awa 16 da rabi a watan Yuni, ya sauko ƙasa da awa 8 a Disamba, saboda haka tsawon yini shi ne babban abin da ke gaya wa dabbar can lokacin shekara. A Daura tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa ɗaya da rabi ce kawai. Abin da ke juya rayuwar dabba a nan shi ne sanyin hunturu da hazonsa, da ƙunar bazara, da danshin damina. Wannan gurbi ne Ayo ya shiga.

Jar akuyar Sakkwato na cikin dabbobin farko da ya ɗauka, wadda mutanen Nijar ke kira akuyar Maraɗi, mai fatar nan da ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. A ƙarshen shekarun 1990 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa waɗannan awaki a lokacin hunturu, a wata mujallar likitancin dabbobi ta Birtaniya. Sun riƙa auna su ta dubura kowace awa, tun daga asuba har faɗuwar rana. Zafin ya fi ƙasa da sassafe, ya riƙa hawa a hankali, ya kai ƙololuwa da yamma liƙis, da tazarar da ta kusa digiri guda. Abin lura shi ne, zafin akuyar bai juya tare da na gari ba. Rana ta riga ta karya, iska ta fara sanyi, amma jikin dabbar yana kan hawa. Wannan gajeriyar takarda ce ta buɗe hanyar da aka bi shekaru sama da ashirin.

Kayan aikin ba su da tsada, kuma wannan na cikin abin da ya sa aikin ya ɗore a jami'ar da kuɗin bincike ke wuyar samu. Ma'aunin zafi ne, da abin sauraron ƙirji na likita, da agogon hannu, da ma'aunin zafin iska da danshinta. Tsadar tana cikin juriya. Sai mutum ɗaya ya riƙe dabba ba tare da ya firgita ta ba, don firgici kaɗai yakan ɗaga zafi da bugun zuciya. Wani ya tsaya yana ƙirga motsin haƙarƙarinta na minti guda. Wani ya rubuta. Kafin a gama da ta ƙarshe, lokacin komawa ga ta farko ya kusa.

A kan jaki ne aikin ya fi zurfi. A 2008 Ayo da Tavershima Dzenda da Friday Zakari suka buga awon da suka yi wa jakunan dako a farkon damina. A 2014 aka fito da wanda ya haɗa lokuta uku na shekara. Jakuna shida ne, maza, a fili suna kiwo, ana auna su kowace awa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, kwana uku a kowane lokaci, tsakanin kwana da kwana mako guda. A hunturu da bazara da damina duka, zafin jiki da numfashi da bugun zuciya sun fi ƙasa da safe, sun fi sama da rana da yamma. Amma matsakaicin zafin ya bambanta: a hunturu bai kai digiri 35 da rabi ba, a bazara da damina kuwa ya ɗan haura 36. Sun kuma nuna cewa a hunturu da bazara, sa'o'i da yawa na yini suna wajen iyakar da jaki ke jin daɗi, ko dai sanyi ya yi masa yawa ko zafi, alhali a damina yawancin yinin yana cikinta.

A nan ya kamata a dakata, don amfanin aikin duka yana cikin waɗannan lambobi. Littafi ya ce zafin doki mai lafiya daga digiri 37 da rabi ne zuwa 38 da rabi. A ce wani ya kawo jakinsa asibitin dabbobi da sassafe a watan Janairu, ya ce ya ƙi cin harawa. Malamin dabbobi ya auna ya ga 37 da rabi. In da lambar doki zai yi aiki, sai ya ce ba zazzaɓi, a koma gida. Alhali lafiyayyen jaki a wannan sa'a ta wannan wata ba ya kai ko kusa da haka, don awon safiya yana ƙasa da matsakaicin yini. Dabbar ta haura inda ya kamata ta tsaya da digiri biyu ko fiye. Haka nan in aka juya: lafiyayyen jaki da aka auna da asuba aka ga 35, wanda bai sani ba zai zaci sanyi ya kama shi yana gab da mutuwa, ya hau yi masa allurar da ba ya bukata. Kuma jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Doki in cikinsa ya murɗa zai yi ta birgima yana harbi, jaki kuwa sai ya tsaya ya sunkuyar da kai, shi ke nan. Wanda ba ya faɗin ciwonsa, ma'auni ne bakinsa, kuma ma'aunin ba ya faɗin gaskiya sai an haɗa shi da agogo.

Daga awo aka wuce zuwa neman sauƙi. A 2007 Ndazo Minka da Ayo suka gwada abin da inuwa ke yi wa jakin dako a bazara, suka kwatanta wanda aka ba inuwa da wanda aka bari a rana. Na inuwa zafinsa ya fi sauka, numfashinsa ya fi daidaita, ya kuma fi ƙwazon aiki. Wani zai ce ai kowa ya san haka. Gaskiya ne an sani, amma a zagaya kasuwanninmu a watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, a ƙirga jakunan da aka ɗaure a tsakiyar rana da akumari a gadon baya, masu su suna can ƙarƙashin rumfa. Tunda zafin jikin dabbar yana hawa da kansa daga hantsi zuwa yamma, duk nauyin da aka ɗora mata da azahar an ɗora shi ne a kan wutar da ta riga ta kama.

Minka da Ayo sun kuma yi dogon aiki a kan safarar dabbobi a mota, kuma wannan ya shafi masarautar Daura kai tsaye, don kasuwar Mai'adua da ke kusa da iyakar Kwangwalam na cikin manyan wuraren da ake loda shanu da tumaki da awaki zuwa kudu. Sun bi shanu da awaki da kaji a tafiyar sa'o'i masu yawa cikin bazara, suna auna su kafin lodi, da kan hanya, da bayan saukewa. Sun nuna cewa wahalar ba a kan titi take farawa ba. Lodin kansa, da duka da ja da murɗa wutsiya, yana daga cikin mafi tsananin abin da dabbar ke gamuwa da shi, kuma shanu masu manyan ƙaho irin su rahaji sun fi samun rauni. Sun gwada ba awaki da kaji bitamin C kafin tashi, suka ga zafin jikinsu bai hau kamar na waɗanda ba a ba su ba, kuma sun fi saurin dawowa hayyacinsu. Dalili kuwa, zafi da tsoro suna sa jiki ya tara wasu gurɓatattun sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, bitamin C kuma yana cikin masu kashe musu kaifi. Magani ne mai araha da ake samu a kowane kemis. Ni a wurina abin da ya fi maganin muhimmanci shi ne sa'ar da tirela ke tashi da inda take tsayawa. Motar da ke gudu tana samun iska, wadda ta tsaya a shinge da azahar kuwa, da dabbobi cunkushe a ciki, tanda ce, kuma asarar da dillali zai gani a Legas a nan take farawa.

Kajin gidan gona ma sun samu rabonsu. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta ya kai digiri 41 tun tana lafiya, saboda haka tazarar da ke tsakaninta da halaka ƙanƙanuwa ce. Duk mai kiwon kaji a Katsina ko Daura ya san cewa a bazara da la'asar suke zubewa. Al'adar masu kiwon kajin nama ita ce a bar fitila a kunne dare da rana don su yi ta ci. Victor Sinkalu da Ayo suka kwatanta kajin da ke cikin haske kullum da waɗanda aka ba sa'o'in duhu, da kuma waɗanda aka ba melatonin, sinadarin nan da ƙwaƙwalwa ke saki in dare ya yi, wanda haske ke dannewa. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa melatonin yana rage wa kajin hawan zafi a bazara. Wato kazar da aka hana dare an hana ta ɗaya daga cikin garkuwar da Allah ya halitta mata. Mu ma ba mu tsira ba. Farfesa Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Saud da ke Riyadh ya daɗe yana binciken barci a watan Ramadan, kuma abin da ya samu shi ne, in aka tsare lokacin kwanciya da hasken ɗaki, azumi shi kaɗai ba ya karkatar da agogon jiki sosai. Hirar dare da fitilu da ciye-ciye har talatainin dare su ne ke karkatar da shi.

Har gafiya ba su bari ba. Dzenda da Ayo sun buga awon zafinta na yini da na shekara a 2011, kuma wannan ba wasa ba ne, don dabbar dare ce da ake neman mayarwa ta kiwo da ta bincike, 'yar'uwarta kuma ita ake horarwa a Tanzaniya tana shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka.

Akwai abin da mai adalci zai faɗa game da iyakar wannan aiki. Bahaushe ya ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma dalilin shi ne fara ba ta da wutar jiki ta kanta, sanyin gari ne ke daskarar da ita, rana ta sake ta. To, saukar zafin jaki da asuba, agogon cikinsa ne ya kawo ta, ko kuwa shi ma sanyin gari ne kawai ya taɓa shi? Ƙa'idar da su Aschoff suka kafa ita ce ba a cewa agogon ciki ne sai an kulle dabba a inda haske da zafi ba sa canzawa, a ga ko tsarin zai ci gaba. Awon Samaru kuwa a fili aka yi yawancinsa, a ƙarƙashin rana, kuma na farko-farko da rana kaɗai, dabbobin kuma ba su da yawa. Jakuna shida ba su ne jakunan arewa ba, ga auraki, ga duni, ga fari, ga idabari. Su kansu masu aikin sun riƙa cike wannan giɓi. A 2018 Zakari da Ayo da Minka da wasu abokan aikinsu suka buga awon da ya zagaye dare da rana, a kan jakuna manya da matasa da 'yan ƙanana, a hunturu da bazara, suka tace shi da lissafin Halberg. Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce hannu biyu ne ke aiki: agogon ciki yana tsara lokacin hawa da sauka, yanayi kuma yana ƙara faɗinsa ko ya rage. Kuma ina ganin zaɓin da Ayo ya yi na tsayawa a fili daidai ne. Babu jakin da ke rayuwa a ɗakin da aka kulle. Mai shi da likitansa suna bukatar sanin halinsa ne a inda yake.

Tasirin malami irin wannan ba a takardunsa kaɗai ake auna shi ba. Yawancin sunayen da na ambata sun fara ne a matsayin ɗalibai ko ƙananan abokan aiki, suka zama malamai masu nasu ɗalibai, a Samaru da Kwalejin Aikin Gona da Kiwo ta Mando a Kaduna da wasu jami'o'i. Yau mai bincike a Italiya ko Brazil da ke son sanin yadda jaki ke jure zafi ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Zariya, kuma yayin da duniya ke ƙara ɗumi, abin da aka auna a bazararmu ya zama abin da wasu ke nema don gobensu. Abin da ke damuna shi ne ilmin ya fi saurin isa Turai a kan ya isa kara. Da Turanci aka rubuta shi, a mujallun da dillali da direban tirela da mai amalanke ba za su taɓa gani ba. Ba laifin mai bincike ba ne shi kaɗai, aikin malaman gona ne da gidajen rediyo da sarakunan kasuwa su ɗauke shi su mayar da shi magana: kada a yi lodi da azahar, a shayar kafin a tashi, a kafa rumfa a turken kasuwa, a kashe wa kaji fitila na wasu sa'o'i, malamin dabbobi kuma ya rubuta ƙarfe nawa ya yi awo.

Daura ba Zariya ba ce. Zariya tana samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, Daura kuwa daminarta gajera ce, bazararta ta fi ƙuna, hunturunta ya fi bushewa, tazarar sanyin asuba da zafin rana ta fi faɗi. Lambobin Samaru mafari ne mai kyau, amma jakin Baure ko Zango ko Sandamu, da raƙuman da ke shigowa daga Nijar, da tumaki udawa da balami, kowannensu yana bukatar a tsaya a kansa da ma'auni a ƙasarsa. Lokaci kuma ba ya jira, musamman ga jaki. Bukatar fatarsa a China, inda ake dafa ta a yi wani magani mai suna ejiao, ta sa an shiga kwasar jakuna daga kasuwannin arewa ana lodawa a mota zuwa mayanka a kudu, cikin irin wahalar da Minka da Ayo suka auna a kan shanu da awaki. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka da suka taru a Addis Ababa suka amince da hana yanka jaki don fatarsa a faɗin nahiyar, amma aiwatar da hanin yana hannun kowace ƙasa, kuma a iyaka irin ta Kwangwalam da kasuwanni irin na Mai'adua za a ga ko an yi.